Deutschland 83: inda ya kuɓuta daga tsohon zubi da inda ya faɗa ciki

Duk wanda ya saba kallon fina-finan leƙen asiri na zamanin yaƙin cacar baka ya san zubin: ɗan Gabas mugu ne mai ɗaure fuska, ɗan Yamma kuma shi ne gwarzo. Deutschland 83, wasan talabijin mai kashi 8 da Anna Winger da Jörg Winger suka shirya a 2015, ya juya wannan tsari. Gwarzonsa Martin Rauch ne, sojan tsaron iyaka na Jamus ta Gabas ɗan shekara 24, wanda aka tura Yamma da sunan Moritz Stamm ya zama hadimin Janar Edel. Wannan juyi ne ya sa aka yaba masa har ya ci kyautar Emmy ta ƙasa da ƙasa a 2016. Amma a ganina, zubi ɗaya kawai ya fasa, sauran ya ɗauke su yadda ya same su.

Inda suka yi gwaninta shi ne Lenora, gwaggon Martin. A irin waɗannan labarai, mai juya ɗan leƙen asiri yawanci dattijo ne a bayan tebur. Nan kuwa mace ce, kuma 'yar uwar mahaifiyarsa. Mahaifiyar tana buƙatar dashen ƙoda, Lenora ta mayar da wannan ciwo igiyar da za ta ja yaron. Ba ta ɗaga murya, ba ta zare ido, tana kuma ganin ceton ƙasarta take yi. Haka Schweppenstette: ka ɗauka azzalumin jami'in Stasi (hukumar 'yan sandan ciki ta Jamus ta Gabas) ne kawai, ga shi ma ya karya wa Martin yatsa don kada a ce ya buga fiyano kamar Stamm na ainihi, sai daga baya ka gane mutum ne da ke tsoron manyansa, yana gyara rahoto ya dace da abin da Mosko take son ji. Wannan yana da tushe. A lokacin Tarayyar Sobiyet tana gudanar da shirin RYAN na neman alamun harin nukiliya, kuma a Nuwamban 1983 ƙungiyar NATO ta yi atisayen Able Archer, wato gwajin shirin yaƙin nukiliya, ana dab da girke makamai masu linzami samfurin Pershing II a Jamus ta Yamma.

To amma ku dubi gidan Janar Edel. Uba soja mai tsauri, ɗa Alexander mai tawaye da ya bi masu zanga-zangar neman zaman lafiya, 'ya Yvonne da ta gudu gidan mabiya Bhagwan, wani jagoran addini ɗan Indiya. Kowane ɗa an ɗora masa kanun jarida ɗaya na shekarun 1980 ya ɗauka, kamar 'yan makaranta a wasan kwaikwayon ƙarshen zango. Janar Jackson Ba'amurke kuwa, kakkausar murya ce da son makamai, shi ke nan.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Linda, sakatariya a hedikwatar NATO da ke Brussels. Dabarar da aka yi mata gaskiya ce, ana kiranta dabarar Romeo, kuma hukumar HVA, sashen Stasi mai leƙen asiri a ƙasashen waje, ƙarƙashin Markus Wolf, ta yi amfani da ita sosai a kan sakatarorin Bonn, mazaunin gwamnatin Jamus ta Yamma a lokacin. Sai dai aikin ba na mako ɗaya ba ne. Sai an yi binciken matar, an san kaɗaicinta da bashinta, a shirya haɗuwa kamar ta katsaham, a yi watanni ana soyayya, kafin a nemi takarda ta farko, sau da yawa da ƙaryar cewa wata ƙasa ƙawa ake yi wa aiki. A wasan an matse duk wannan cikin kashi biyu, aka bar mace da kyanwarta da kaɗaicinta, ta faɗa tarko nan take, aka kuma kawar da ita don gwarzo ya yi nadama. Annett, budurwar Martin, ita ma daga yarinya mai jira ta rikiɗe ta zama mai kai rahoto ba tare da mun ga abin da ya juya ta sosai ba.

Shi kansa Martin akwai magana. Horon 'yan makonni, sai ga shi yana buɗe akwatin sirri na janar. 'Yan leƙen asirin gaske haƙuri ne jarinsu. Günter Guillaume ya ƙaura Yamma a 1956, sai 1974 asirinsa ya tonu yana ofishin Willy Brandt, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma. Rainer Rupp, mai laƙabin Topaz, ya shiga NATO a 1977, ba a kama shi ba sai 1993. (Na dai yafe wa masu shirya wasan wannan, domin mutumin da ke kwafar takardu shekara da shekaru ba zai riƙe mai kallo ba.)

Abin lura, Jamusawa da kansu ba su rungume shi ba da farko. A Amurka aka fara nuna shi a tashar SundanceTV, ya karɓu a can da Ingila, amma da tashar RTL ta Jamus ta sa shi a gida masu kallo suka riƙa raguwa mako bayan mako. Ɗan Gabas da ya tsaya baki buɗe gaban kayan babban kanti sabon abu ne ga Ba'amurke, ga mutumin Leipzig da ke tsohuwar Jamus ta Gabas kuwa tsohuwar zolaya ce da ya gaji da ji tun faɗuwar katangar Berlin a 1989.