Kawu da asusun da ke gudu

Tun bayan wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, da aka sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, dangi suka sa Kawu a gaba sai ya buɗe asusu a banki. Kawu dillalin busasshen kifi ne a Yawuri, ya girma a cikin kwalekwale a kan kogin Kwara, kuma duk abin da ya mallaka yana cikin wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado. Da ƙyar ya yarda. Da ya iso gari da kuɗinsa ƙunshe a buhun taki, Inna ta ce ni zan raka shi, tunda ni ne ɗan bokon gidan.

Mun sha layi, muka kai gaban wata ma'aikaciya mai fara'a. Ta gaishe shi, ta ce, "Baba, wane iri za a buɗe muku, sebin ko karent? Tunda ɗan kasuwa ne ku, karent zai fi."

Kawu ya juyo ya dube ni. "Kai, mene ne karent?"

Amsar ba ta fi jimla ɗaya ba: asusun 'yan kasuwa ne, a zuba a cire kullum. Amma ni na taɓa karanta asalin kalmar, kuma na daɗe ina neman wanda zan juye wa. Ga mutane a layi, ga ma'aikaciya tana saurare. Sai na gyara murya.

Na ce, "Kawu, ai wannan kalma current tsohuwa ce. Tushenta Latin ne, harshen Rumawa, daga currere, wato yin gudu. Ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci wajen shekara ta 1300. Da farko duk abin da ke gudu ko kwarara shi ake nufi. Daga nan aka laƙaba wa ƙarfin ruwan kogi, wannan da ke jan kwalekwale."

Kawu ya gyaɗa kai. Wannan ya san shi sarai, har ya ce ya taɓa cinye masa jirgi guda da kaya a ƙasan Yawuri. A nan ya kamata in ja birki. Ina! Baki ya riga ya buɗe.

Na ce a tsakiyar ƙarni na 18, da Turawa suka dukufa binciken lantarki, sun ɗauka wani abu ne mai kwarara a cikin waya, shi ya sa shi ma suka kira shi da sunan. Abin da ya sa ke nan mai gyaran wuta yake cewa babu karent. Labaran yau da kullum ma da kalmar ake kiransu, don suna tafe ba su tsaya ba. Ɗan aike mai kai saƙo, courier, daga tushen nan ya fito. Sannan na kawo wadda nake ji da ita. Na ce su kansu kuɗin ƙasa, currency, sunansu daga nan yake, saboda suna gudu daga hannu zuwa hannu.

Wani a bayanmu ya ce, "Allah ya ƙara ilimi, malam." Kaina ya ƙara girma. Don in nuna mu ma ba a bar mu a baya ba, na ƙara da cewa ko a Hausa haka abin yake, daga gudu muka samu gudana.

Kawu ya ce, "Daga gudu kuma muka samu gudawa."

Layi ya kwashe da dariya, har mai gadi. Kawu ko murmushi bai yi ba. Ya jawo buhunsa ya matse tsakanin ƙafafu, ya fara lissafi da yatsu. Ruwan da ya ci masa jirgi, karent. Wutar da ake ɗaukewa ba sallama, karent. Yanzu kuma a ce ya zuba gumin shekara da shekaru a cikin abu mai wannan suna, kuma ɗan 'yar'uwarsa da bakinsa ya shaida cewa ma'anarsa gudu.

Ma'aikaciyar, Allah ya saka mata, ta yi ƙoƙarin ceto ni. Ta ce, "Baba, ku bar wancan, a buɗe muku sebin. Shi ajiya ne kawai, har 'yan kuɗin ruwa ake ɗora muku a kai."

"Ruwa?" in ji Kawu. "Wancan gudu, wannan ruwa? Yarinya, ni daga bakin kogi na taso. Kuma ban ci riba da ƙuruciya ba, ba zan fara da furfura ba."

Na shiga rantse-rantse cewa suna ne kawai, tarihi ne, akwai ma bankunan da ba sa harkar ruwa. Ya ce in tarihi ne me ya sa na faɗa da ƙarfi haka, har da shekara? Ya saɓa buhu a kafaɗa ya yi waje, ina biye ina "Kawu, ku tsaya ku ji." Mutumin da ya yi mini addu'ar ƙarin ilimi ya matsa ya maye gurbinmu.

A gida Inna ba ta ce komai ba, kallo ɗaya ta yi mini ta ci gaba da tankaɗe. Washegari Kawu ya sa na raka shi kara, ya juye kuɗin nan kaf a kan raguna. Na ce, "Kawu, ai su ma suna gudu." Ya ce ya sani, amma su ana ɗaure su da igiya.

Da yake ba zai iya komawa Yawuri da su a motar haya ba, a tsakar gidana ya turke su, ya ce sai Babbar Salla zai zo ya sayar. Dusa da harawa kuma a kaina, wai ladan lacca.