Macklin Celebrini da Shekararsa Guda a Jami'ar Boston

Na san wasan hoki na kan ƙanƙara ba ya cikin abubuwan da muke tafka muhawara a kansu a majalisa, amma tun da na fara bibiyarsa akwai tambayar da take yawan dawo mini: yaushe ya kamata matashi mai baiwa ya dakata ya ƙara nuna, yaushe kuma dakatawar take zama ɓata lokaci? Hanyar da Macklin Celebrini ya bi daga ƙuruciyarsa zuwa babbar gasar NHL ta ba ni amsar da na gamsu da ita, kodayake ina ganin mutane da yawa sun ɗauki darasin a baibai.

Ga wanda bai saba da tsarin ba, NHL gasa ce mai ƙungiyoyi 32 a Amurka da Kanada, kuma babu ƙungiyar da take da damar ɗauko yaro ɗan shekara goma ta rene shi a makarantarta kamar yadda manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Turai suke yi. Duk shekara ana zama a raba matasan da suka kai shekara 18 a zagaye bakwai, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ne a gaban layi, sannan a jefa ƙuri'a domin fitar da wadda za ta fara zaɓa. Saboda haka shekaru biyu ko uku da suke gabanin wannan zaɓe suna da nauyi ƙwarai a rayuwar yaro, domin a cikinsu ne wakilan ƙungiyoyi suke bin sa filin wasa bayan filin wasa suna rubuta abin da suka gani.

An haifi Celebrini a ranar 13 ga Yuni, 2006, a yankin Vancouver na ƙasar Kanada. Mahaifinsa, Rick Celebrini, tsohon ɗan ƙwallon ƙafa ne da ya ƙware a fannin gashin ƙashi da farfaɗo da jikin 'yan wasa, kuma a 2018 ƙungiyar ƙwallon kwando ta Golden State Warriors ta ɗauke shi aiki, abin da ya sa iyalin suka koma California. Yaron ya buga wa ƙungiyar yara ta San Jose Jr. Sharks, daga nan ya wuce makarantar kwana ta Shattuck-St. Mary's da ke jihar Minnesota, inda taurarin NHL Sidney Crosby da Nathan MacKinnon suka taɓa zama. A kakar 2022 zuwa 2023 ya koma Chicago Steel a gasar matasa ta USHL yana ɗan shekara 16, ya ci sau 46, ya tara maki 86 a wasa 50. A hoki, maki shi ne jimillar cin da mutum ya yi da kansa da wanda ya taimaka aka yi.

A nan ne hanya ta rabu biyu. Yaron Kanada mai irin wannan baiwa bisa al'ada gasar matasa ta ƙasarsa yake shiga, wato CHL, kamar yadda Connor Bedard ya yi a Regina Pats kafin a zaɓe shi na farko a 2023. A wancan lokacin dokar hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta ce duk wanda ya buga a CHL ya rasa damar buga wa jami'a, domin tana yi wa gasar kallon ta masu karɓar kuɗi. Ke nan yaro ɗan shekara 16 ake tilasta wa yanke hukuncin da ba shi da gyara. Celebrini ya zaɓi jami'a, ya shiga Jami'ar Boston a 2023 yana da shekara 17, bayan an yi masa aiki a kafaɗa, ƙarƙashin mai horarwa Jay Pandolfo, kuma yayansa Aiden yana cikin ƙungiyar a matsayin mai tsaron baya.

Ra'ayina shi ne wannan zaɓi ya yi daidai, kuma dalilin yana cikin yadda makon ɗan wasan jami'a yake tafiya. A CHL ana buga wasa sama da sittin a kaka, ana shafe dare a motar safa daga gari zuwa gari, kuma mafi girman abokin karawarka ɗan shekara 20 ne. A jami'a wasannin kaka ba su cika wuce talatin da 'yan kai ba, galibi a daren Juma'a da na Asabar, sauran kwanakin kuwa na atisaye ne da ɗaga ƙarfe da aji da duba bidiyon kurakuran da aka yi. Wani zai ce ƙarancin wasa asara ce, to amma yaro ɗan shekara 17 da ya fito daga tiyata ya fi buƙatar kwana huɗu na gina jiki a kan wasa uku a mako. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne shekarun abokan karawa. Da yawa daga cikin 'yan hokin jami'a sai sun kai shekara 20 suke shiga ajin farko, don haka a kusurwar fili, inda ake matse mutum a jikin katanga ana ƙoƙarin ƙwace faifan robar da sanda, Celebrini yana haɗa kafaɗa ne da ƙarti 'yan shekara 23 da 24 waɗanda ƙasusuwansu sun riga sun yi ƙwari. Tambayar da take hana wakilan ƙungiyoyi barci game da duk wani yaro mai ci da yawa ita ce ko zai iya yin haka a cikin manya, kuma shi ya amsa ta a gaban idonsu tun kafin ranar zaɓe.

Ya ci sau 32, ya taimaka sau 32, maki 64 ke nan a wasa 38. Ƙungiyarsa ta kai wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa a birnin St. Paul, inda Jami'ar Denver ta fitar da su da ci 2 da 1 a ƙarin lokaci a ranar 11 ga Afrilu, 2024. Washegari, da ɗacin rashin nasarar bai ko sake shi ba, aka miƙa masa kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan hokin jami'o'i. Shi ne mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa samun ta, kuma ɗan ajin farko na huɗu bayan Paul Kariya a 1993 da Jack Eichel a 2015 da Adam Fantilli a 2023. Abin da ya fi burge ni a wasansa ya wuce lissafin maki. Ɗan tsakiya ne da yake komowa baya ya taya tsaro da irin ƙwazon da yake kai hari da shi, kuma wannan hali yana da wuyar samu a wurin yaron da tun yana ƙarami ake gaya masa cewa ya fi kowa.

Ƙungiyar San Jose Sharks ta ƙare kakar NHL a ƙarshen teburi da nasara 19 kacal a wasa 82, ƙuri'a kuma ta faɗa mata. A ranar 28 ga Yuni, 2024, a zauren Sphere na Las Vegas, tsohon tauraron ƙungiyar Joe Thornton ya hau dandamali da dogon gemunsa ya kira sunan yaron da ya taɓa saka rigar ƙungiyar yaran garin. Bayan kwanaki kaɗan Celebrini ya sa hannu a kan kwantiragin shekara uku, karatun jami'a ya tsaya a nan.

Akwai waɗanda suka so ya ƙara shekara guda, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Owen Power, wanda aka zaɓa na farko a 2021, ya koma Jami'ar Michigan ya ƙara kaka guda. Cale Makar, wanda Colorado ta ɗauka na huɗu a 2017, ya yi shekara biyu a Jami'ar Massachusetts, ya ci Hobey Baker a 2019, kuma zuwa 2022 ya ɗaga kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, tare da kyautar gwarzon masu tsaron baya. Sai dai Makar ya shigo jami'a ne daga ƙaramar gasa a lardin Alberta, yana da sauran abin koyo a wannan mataki, ga shi kuma masu tsaron baya sukan fi jinkirin nuna. Celebrini kuwa ya riga ya zama gwarzon matakin a shekararsa ta farko. Da ya zauna, da ya ƙara tara maki a kan mutanen da ya riga ya fi, kuma irin wannan sauƙi yakan koya wa ɗan wasa munanan ɗabi'u, kamar riƙe faifai fiye da kima da sakaci da tsaro, domin babu mai hukunta shi a kan kuskure. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne ko matakin da yaro yake yana ci gaba da wahalar da shi. Ranar da ya daina shan wuya a wurin, lokacin tashi ya yi.

Inda nake ganin an ɗauki darasin a baibai shi ne wajen masu zaton cewa jami'ar ce ta yi Celebrini, ko kuma lambar zaɓe ce take nuna makomar mutum. Yaron da ya tashi a gidan da abinci da barci da motsa jiki suke bisa ilimi, wanda ya ga yadda Stephen Curry, tauraron Golden State Warriors, yake atisaye a kusa, wanda iyayensa suka iya ɗaukar nauyin makarantar kwana mai tsada da kayan wasa masu tsada, ya shigo jami'a da guzurin da mafi yawan tsaransa ba su da shi. Wannan bai rage masa komai ba, domin wasu sun samu irin gatan sun watsar, amma kuskure ne uban da ba shi da irin wannan dama ya tura ɗansa jami'a yana ɗan shekara 17 don kawai wani ya yi haka ya dace.

Game da lambar zaɓe kuwa, hujjar tana cikin ɗakin sauya kaya guda da shi a Boston. Lane Hutson, mai tsaron bayan ƙungiyar, sai a lamba ta 62 Montreal ta ɗauke shi a 2022, saboda ƙungiyoyi sun raina ƙanƙantar jikinsa. Ya yi shekara biyu a jami'a. A kakar 2024 zuwa 2025 su biyun suka shiga NHL sosai: Celebrini ya ci a wasansa na farko, rauni ya zaunar da shi na wasu makonni, ya ƙare da ci 25 da maki 63 a wasa 70 a ƙungiyar da ta sake ƙarewa a ƙarshen teburi, Hutson kuma ya tara maki 66 ya lashe kyautar Calder ta gwarzon sababbin 'yan wasa, Celebrini yana cikin ukun da suka kai zagayen ƙarshe. Mai horar da Hutson a Montreal, Martin St. Louis, shi ma ɗan jami'a ne, daga Vermont, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi ko a zagayen ƙarshe, amma a 2004 ya zama gwarzon gasar baki ɗaya.

A watan Nuwamba na 2024 hukumar NCAA ta soke tsohuwar dokar, ta ba 'yan CHL damar buga wa jami'o'i daga watan Agusta na 2025. Cikin waɗanda suka fara cin moriyar sauyin akwai Gavin McKenna, wanda ya bar Medicine Hat Tigers ya koma Jami'ar Penn State domin ya yi shekararsa ta gabanin zaɓe a cikin manya, kamar yadda Celebrini ya yi. Ina maraba da wannan sauyi saboda ya sauke wa ɗan shekara 16 nauyin hukuncin da ya fi ƙarfinsa. Damuwata ɗaya ita ce irin su St. Louis, yaran da suke jinkirin nuna, waɗanda jami'a ce kaɗai take ba su shekara huɗu su girma a hankali, domin yawan 'yan wasan da kowace ƙungiya take ɗauka bai ƙaru ba, masu neman gurbin ne suka ƙaru.