Lasisin gini a Kalifoniya: dokar da ke kare jama'a ta zama mafakar masu cin haƙƙin ƙananan 'yan kwangila

A jihar Kalifoniya ta Amurka, duk wanda zai karɓi aikin gini da ya kai dala 1,000 sai ya mallaki lasisi daga hukumar ba 'yan kwangila lasisi ta jihar, wato CSLB, wadda aka kafa tun 1929. Wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya bambanta jihar da sauran wurare shi ne tsananin hukuncin da ke cikin sashe na 7031 na dokar sana'o'inta. Sashen ya ce wanda ya yi aiki ba lasisi, ko da na wani ɗan lokaci ne a tsakiyar aikin, ba shi da ikon zuwa kotu neman kuɗin aikinsa, komai kyan aikin. Daga 2002 ma aka ƙara cewa wanda ya ba shi aikin yana iya neman a dawo masa da duk abin da ya riga ya biya.

An yi dokar ne don kare mai gida daga maginin bogi, kuma ina tare da wannan manufa ɗari bisa ɗari. Ginin da aka yi da ha'inci rai yake ci. Damuwata ita ce yadda dokar ke aiki idan rigimar ta kasance tsakanin 'yan kwangila biyu, babba da ƙarami, waɗanda dukansu sun san sana'ar ciki da waje.

Mu ɗauki shari'ar kamfanin Hydrotech, wadda Kotun Ƙolin jihar ta yanke a 1991. Kamfanin na New York ne, gwani wajen ƙera na'urar da ke tayar da igiyar ruwa a tafkin wasa. Wani wurin shaƙatawa mai suna Oasis Waterpark a garin Palm Springs ya so irin wannan tafki, babban ɗan kwangilar wurin kuma, Wessman, ya yanka wa Hydrotech aikin a kan dala 850,000. A ƙarar da ya shigar, Hydrotech ya ce tun farko ya nuna damuwa kan rashin lasisin Kalifoniya, ya so ya sayar da na'urarsa kawai ya kama gabansa, amma aka matsa masa ya yi ginin da kansa, aka kuma yi masa alkawarin za a biya shi. Da aiki ya kammala sai aka riƙe masa sama da dala 110,000. Kotu ta ce ko da duk abin da ya faɗa gaskiya ne, doka ta rufe masa ƙofa. Ba a ce tafkin ya lalace ba. Ba a ce wani ya cutu ba. Mutanen da ake zargin sun san babu lasisi, suka ce a ci gaba, su ne suka tashi da ragowar kuɗin.

Shari'a ta biyu ta fi ban takaici. A ƙarshen 1999 ana gina otal ɗin Grand Californian na kamfanin Disney a Anaheim. Babban ɗan kwangila Turner ya ba kamfanin Niederhauser aikin ƙarfe, shi kuma ya yanka wa MW Erectors wani ɓangare. MW ya fara aiki ranar 3 ga Disamba, lasisinsa na aikin ƙarfen gini ya fito ranar 21 ga watan. Kwana 18 ke nan tsakani. Da rigimar biya ta taso, MW ya nemi sama da dala 950,000 a kan wannan kwangila, sai Niederhauser ya ɗaga sashe na 7031. A 2005 Kotun Ƙoli ta ce tunda ba shi da lasisi a dukkan lokacin aikin, ko sisi ba zai samu a kan wannan kwangilar ba, har da na watannin da ya yi da lasisi a hannu. A wata kwangila ta biyu da ke tsakaninsu, wadda aka fara aikinta bayan lasisin ya fito, kotu ta bar masa damar neman haƙƙinsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa da zarar alƙali ya fara tausayawa wannan ya ɗaga wa wancan ƙafa, kowa zai fara aiki ba lasisi yana sa ran uzuri daga baya. Tsoron asarar kuɗin aiki gaba ɗaya ya fi kowane sufeto hana mutane karya doka, domin hukumar da ke kula da 'yan kwangila sama da 280,000 ba za ta iya leƙa kowane filin gini ba. Na yarda da wannan. Amma idan tsoro ne ake so a sa, me ya sa ake sa shi a zuciyar mutum ɗaya cikin biyun da suka ƙulla yarjejeniyar? Babban ɗan kwangila ba tsohuwa ba ce da ta kira mai gyaran rufi ba ta san komai ba. Duba lasisi a shafin hukumar aikin 'yan mintuna ne, kuma kyauta. Wanda ya duba ya ga babu, ya yi gum da bakinsa har ranar biya, ya yi ajiyar makami ne.

Gaskiya ne doka ba ta wanke shi gaba ɗaya ba. Sashe na 7118 ya ce mai lasisi da ya ƙulla kwangila da wanda ba shi da shi yana iya fuskantar ladabtarwa. Sashe na 7108.5 kuma ya wajabta wa babban ɗan kwangila ya biya ƙarami cikin kwana 7 da karɓar kuɗin aikin, in ba haka ba ya biya tarar kashi 2 cikin ɗari duk wata, kuma ana iya kai ƙorafinsa gaban hukuma. Sai dai a auna biyun a gani. Hukuncin ƙarami nan take yake, kuma ya cinye kuɗin aikinsa kaf, da na ƙarfen da ya saya da na masu walda da ya biya. Na babba kuwa sai an shigar da ƙorafi, an yi bincike, an saurari ɓangarori. Wa zai shigar da ƙorafin? Mutumin da zai fara da tona asirin kansa cewa ya yi aiki ba lasisi, wanda laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Ko da hukuma ta hukunta babban, hakan ba ya mayar wa ƙaramin da kuɗinsa.

'Yan majalisar jihar sun ɗan sassauta a 2016, bayan shari'ar kamfanin Jacobs, wanda lasisinsa ya ƙare a lokacin da yake sauya tsarin rassansa, har hukumar kula da kotunan jihar ta nemi ya dawo da miliyoyin dalolin da ta biya shi. Sassaucin ya shafi wanda ya taɓa mallakar lasisi a jihar, ya yi ƙoƙarin riƙe shi da zuciya ɗaya, ya kuma gaggauta gyarawa da ya gano matsala. Ba zai ceci irin su Hydrotech da MW ba.

Wannan batu ya shafe mu a Najeriya ta fuska ɗaya. Duk lokacin da bene ya rufta, kamar mai hawa 21 na Ikoyi a Legas da ya kashe sama da mutum 40 a Nuwamban 2021, sai kira ya tashi cewa a ƙarfafa hukumomin rajista, COREN ta injiniyoyi da CORBON ta magina, a hana marasa rajista taɓa gini. Kira ne na gaskiya. Amma a ƙasar da yawancin birkiloli da kafintoci da masu ɗaurin rodi ke karɓar aiki da baka, dokar da ta ce marar takarda ba shi da bakin neman haƙƙinsa za ta zama kyauta ga mai kwangilar da dama can neman dalilin hana biya yake.

Abin da nake ganin ya dace, a Kalifoniya da duk inda za a kwaikwaye ta, shi ne a raba mai gida da ɗan sana'a. Mai gidan da aka yaudara ya ci gaba da samun cikakkiyar kariya. Amma idan aka tabbatar babban ɗan kwangila ya san babu lasisi ya ba da aikin, kada kuɗin ya tsaya a aljihunsa. A biya ƙarami kuɗin kaya da na ma'aikata, a hana shi riba, ribar ta tafi asusun hukuma a matsayin tara, sannan kotun da ta saurari shari'ar ta aika sunayen su biyun zuwa sashen ladabtarwa da kanta, ba sai wani ya shigar da ƙorafi ba.