Muƙamin da aka ba ka saboda wuta ta tashi, ba gadon gidanku ba ne

'Yan uwana matasa, musamman ku da ake naɗawa shugabannin riƙo da 'yan kwamitin wucin gadi, ku tsaya ku ji abin da ya faru a Tadmur, birnin dabino da ke hamadar Siriya.

A shekara ta 260 miladiyya Sarkin Farisa Shafur ya kama Sarkin Rum Baleriyan da ransa a kusa da Edessa. Gabashin daular Rum ya zama babu mai tsaro. Ɗan Baleriyan, Sarki Galiyanus, yana fama da 'yan tawaye a yamma, ba shi da rundunar da zai aika. Sai shugaban Tadmur, Uzaina, ya tashi ya far wa Farisawa, ya murƙushe mai neman sarauta Kwiyetus a Hims a 261, daga baya ya kai yaƙi har ƙofar Mada'in, babban birnin Farisawa. Galiyanus ya ba shi muƙamin da ba ya cikin tsarin yau da kullum, corrector totius Orientis, mai daidaita al'amuran gabas baki ɗaya, sama da gwamnonin larduna.

Uzaina yana da burinsa, har ya kira kansa sarkin sarakuna. Amma bai taɓa ɗaukar sunan Agustus, wato laƙabin Sarkin Rum, ba, bai juya takobi kan wanda ya naɗa shi ba. Wannan nake so ku riƙe. Idan an ɗora ka don a kashe wata wuta, ka tambayi wa'adi da iyakar ikonka tun ranar farko, ka ajiye lissafin kowane kwabo, kada ka fara shirya ƙaninka ya gaje ka. Wallahi abin yana damuna in ga yaro mai hankali, wata shida a kujerar riƙo, ya daina amsa kiran waɗanda suka ɗora shi.

An kashe Uzaina a 267. Matarsa Zanubiya ta ɗauki muƙaman ta ɗora wa ƙaramin ɗansu Wahballat, alhali Rum ga mutum ɗaya ta ba su, don buƙata ɗaya. A 270 sojojinta suka ci Masar. A Antakiya aka buga kuɗi, sabon Sarkin Rum Aureliyan a fuska ɗaya, Wahballat a ɗaya, daga bisani aka cire Aureliyan, yaron ya zama Agustus. A 272 Aureliyan ya karya rundunarta a kusa da Antakiya da kuma Hims, aka kama ta tana neman ƙetare kogin Furatu. Da Tadmur ta sake tawaye a 273, ya dawo ya wawashe ta, kuma ba ta ƙara komawa cibiyar fataken da take a da ba.