Na Rabu da Gidan Mai, Na Faɗa Hannun Mita

Ranar da na shigo da motata mai aiki da lantarki, maƙwabcina na fara nema. Yana tsaye kan tsohuwar motarsa tana tari tana hayaƙi, na sauke gilashi na ce, "Malam, ni da gidan mai sai dai gaisuwa daga nesa." Ya ce Allah ya sa alheri. Ban ko amsa da amin ba, don ina sauri in nuna masa yadda take tashi babu ƙara.

Daren farko na jona ta a soket ɗin bango kamar waya, na yi barcina. Da safe na tarar ko kashi ɗaya cikin uku ba ta sha ba. Ashe batirin yunit 60 yake ɗauka, soket kuwa kilowat 2 da 'yan kai yake iya bayarwa, wato wajen awa 30 kafin ta cika. Cika randa da cokali ke nan. Dole na kira mai gyaran wuta ya kafa min akwatin caji na kilowat 7, mai gamawa cikin kamar awa 9. Kuɗin akwati daban, na waya mai kauri daban, na aiki daban.

Da kuɗin wuta ya zo ƙarshen wata, na tara yara na yi musu huɗuba kan barin fitila a kunne. Na zargi dutsen guga, na harari firji. Maiɗakina ta bari na gama tas, sannan ta ce, "Maigida, baƙuwar nan da ke kwana a gareji da waya a baki fa, azumi take yi?" Na koma ɗaki da biro. Kowace kilomita 100 tana cin kamar yunit 17, kuma wajen kashi goma cikin ɗari na abin da mita ta ƙirga zafi yake zama a hanya, ba ya isa batir. Duk da haka, tsakani da Allah, ya fi min fetur sauƙi. Babu juyen baƙin mai, babu canjin fulogi, birki ma ba ya saurin cinyewa, tunda da ka ɗaga ƙafa injin ke rage gudu yana mayar da wuta batir.

Doguwar tafiya ce ta tona min asiri. Na saki na'urar sanyi, na take mota, sai ga kilomitocin da allo ya yi min alkawari suna zubewa kamar gari a yagaggen buhu. Da ƙyar na kai wurin caji mai sauri, inda kowane yunit ya ninka na gida fiye da sau biyu. Cikin rabin awa ta kai kashi 80, na ce a cika min ita har wuya. Ban san daga nan take rage sha don kare batir ba. Ina jira barci ya sace ni. Na farka na tarar ta daɗe da cika, kuma ana ta ƙirga min tarar tare wuri, minti-minti. Tunda nake ban taɓa yin barci mai tsada haka ba.

Tayoyi ma ba su kai inda na zata ba. Mai taya ya ce nauyin batir ne, da kuma "ƙafar mai shi". Na yi kamar ban ji ƙarshen ba.

Sai wata safiya, bayan na kwana ina caji, mota ta ƙi ko buɗe ƙofa. Ashe akwai wani ƙaramin batir na bolt 12, irin na kowace mota, shi ke tada kwamfutarta, kuma shi ne ya mutu. Yunit 60 a ciki, amma ko fitila ba ta kamawa.

Na buga ƙofar maƙwabcina. Ya jawo tsohuwar motarsa tana tari, ya fito da wayoyin jona batir, ya haɗa ba tare da ya ce uffan ba. Da allo ya kawo haske ya naɗe wayoyinsa, ya ce, "Zan wuce gidan mai, ko in gaishe maka da su?"