Sadakar Cikar Shekarar Goggo

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

A wannan watan Goggonmu ta cika shekara da rasuwa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Ciwon dajin mama ne ya yi ajalinta, kuma yau zan faɗi abin da ba mu cika faɗa ba a gida: ta ji kullutun tun yana kamar ƙwayar gyaɗa, ta yi shiru wata da watanni saboda kunya. Da aka sani kuma sai aka ce ai daji ba ya son allura, aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Ranar da muka kai ta asibiti, likitar ta ɗaga mayafin ta duba, ta koma kujerarta ta yi ta rubutu ba ta kalle mu ba. Ni dai tun nan na gane.

Kwana idan ya ƙare babu mai ƙarawa, wannan mun yi imani da shi. Amma Annabin da ya koya mana yarda da ƙaddara, sallallahu alaihi wa sallam, shi ne ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba sai ya saukar mata da magani, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. "Daji ba ya son allura" ba aya ba ce, ba hadisi ba ce. Kullutu a mama ko a hammata, kan nono ya lotsa ciki, jini ko ruwa na fita, fata ta koma kamar ɓawon lemo, a je a duba da wuri. Ba kowane kullutu ne daji ba, gwaji ne ke bambancewa. Maigida, idan ta ce za ta asibiti, ka ba ta kuɗin mota, in da hali ka raka ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kaɗai mata kusan 670,000 ciwon nan ya kashe a faɗin duniya.

Wata baiwar Allah ce ta tsaya mini a rai. Benci ɗaya suke zama da Goggo a layin ganin likita, takardar maganinta a ƙulle a haɓar zani. Ta sayar da awakinta ta yi ƙarin ruwan kemo, wato maganin daji, na farko, na biyu babu kuɗi. Goggo, da nata ciwon, ta lalubo kuɗin mota ta danƙa mata. Zuwanmu na gaba ba mu gan ta ba, ba mu sake ganinta ba.

Shi ya sa da dangi suka zauna ana lissafin rumfuna da kujeru da buhunan shinkafa na taron cikar shekarar Goggo, har da kalanda mai hotonta, na roƙi Baffa a ba ni minti biyu. Hukuncin taron kansa na bar wa malamai. Na tuna musu Sa'adu ɗan Ubada, Allah Ya ƙara masa yarda, da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Manzon Allah wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya ya ce wannan ta Ummu Sa'adu ce. Abin da mutane ke tsananin buƙata aka nuna masa. Mu kuwa mun ga buƙatar da idonmu a kan bencin nan. Baffa ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a soke kalandar.

Kuɗin yanzu suna hannun mutum uku daga cikinmu, don taimaka wa masu ciwon nan da ba su da hali. Ba a ba kowa a hannu. A wurin gwaji ko wurin sayen magani ake biya, a kawo rasit kowa ya gani, don dukiyar jama'a amana ce. Kuma ba za ku ga hoton marar lafiya ko ɗaya a shafina ba. Allah Ya ce a Suratul Baƙara kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa, ni kuwa a ganina ɗora hoton mace cikin rauninta don a yaba mana cutarwa ce.

Wanda yake da niyya ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ko ya nemi asusun taimakon marasa lafiya a asibitin da ke kusa da shi, ya bayar da sunan nasa mamacin. Wanda ba shi da hali, Goggo na buƙatar addu'arsa, ita da matar nan mai awaki da ban ma san sunanta ba.