Wasiyyar jinya, maganar da muke gudu a Damagaram

A Faransa, in aka kwantar da kai asibiti, cikin takardun da za a miƙo maka har da mai tambayar wanda ka amince ya yi magana a madadinka ranar da bakinka ya rufe. Dokar 2002 ce ta kawo haka. A 2005 dokar Leonetti ta ba mutum damar rubuta irin jinyar da yake so da wadda ba ya so a ƙarshen rayuwarsa, a 2016 kuma aka wajabta wa likitoci bin rubutun, sai fa a halin gaggawa ko in a fili bai dace da ciwon ba. Shaidar wanda ka zaɓa tana gaban ta kowa a dangi.

Duk mazaunin Faransa, inda nake zaune, ya ji labarin Vincent Lambert, wanda hatsarin mota ya kwantar a 2008 bai bar komai a rubuce ba. Matarsa ta ce ba zai so a riƙe shi a haka ba, iyayensa suka ce a ci gaba da ciyar da shi. Shari'a ta kai har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, sai a 2019 ya rasu a Reims, dangi a tarwatse.

Mu a Damagaram ba mu kai irin wannan kotu, amma rabuwar kan muna yin ta, a ƙofar ɗakin majinyaci. Likita ya ja babban ɗa gefe ya ce sai addu'a, nan take gida ya kasu. Wasu su ce a maida tsoho unguwar Birni ya cika a ɗakinsa, ana laƙana masa kalmar shahada. Wasu su ce a nemi mota a ƙetara Kano, ko a kama hanyar Yamai, kusan kilomita 900 da mutumin da ko zama ba ya iyawa. Sau da yawa mu na waje ne masu matsawa a tafi, don muna nesa, hankali a tashe, kuɗi kaɗai hannunmu ke iya kaiwa gida. A saida gona, a saida bisashe, a ci bashi, shi kuwa wanda ake yi dominsa ba a taɓa tambayarsa ba tun yana da baki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne matar da ta yi wata da watanni tana jinya, tana juya shi, tana ba shi kunu da cokali, ita ta ji abin da yake faɗa da tsakar dare. Ranar yanke shawara kuwa maza ne a zaure, ita tana cikin gida. In mutum ya ce tun da lafiyarsa, gaban shaidu, “ku tambayi Hajiya, ita ta san abin da nake so,” ba ƙanen da zai ture maganarta.

Na san amsar da ake bayarwa: kada ka yi mana mugun baki, rai na Allah ne. Gaskiya ne, na Allah ne. Amma wasiyya ba baƙuwarmu ba ce. Hadisin Ibn Umar na cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, cewa bai kamata Musulmi mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Muna faɗin bashin da ke kanmu da wanda zai yi mana wanka, ba wanda ya ce mun kira mutuwa. Malamai ma sun duba batun na'urorin asibiti masu taimaka wa majinyaci numfashi: a 1986, a Amman, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta ce in ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ba dawowa, ya halatta a cire su. Muhawarar da ake yi a nan Faransa kan ba majinyaci abin da zai kashe shi daban ce, ban yarda da ita ba, addininmu ma bai yarda ba.

Ba kuma ina sha'awar ƙarshen tsofaffin Faransa ba ne, da yawansu a gidan kula da tsofaffi suke cikawa, 'ya'ya na wani gari. Tambayar da suke yi wa mutum tun yana da baki kawai nake so mu ɗauka.

Ɗa ba zai iya buɗe wannan zance da mahaifinsa ba, sai a ce gado yake hange. Babba ne zai fara. Baba, Inna, ranar Sallah da yara suka taru, ku kira liman ko aminin da kuka yarda da shi, ku faɗa: in likita ya ce magani ya ƙare, gida kuke so ko asibiti? A ƙetara da ku ko a bar ku kusa da danginku? Wace dukiya kuka yarda a taɓa don jinya? Wa zai yanke magana? A rubuta, da boko ko da ajami, a ba wanda aka zaɓa ya ajiye, a kuma karanta wa na Faransa da na Libiya da na Legas ta waya, su ji da muryarku.